Shekarar da Na Ce Na Manta

Kun ga na bar aikin baffanku Ilu ba zato, na daina zuwa majalisarsa, sai kuka yanke hukunci cewa ya ci amanata. Wasunku har sun daina kiransa da sallah. Ban ce ku yi hakan ba, amma ban hana ku ba, kuma na san yadda 'ya'ya suke fassara shirun uba. Yanzu da nake zaune a ɗakin nan na unguwar Al Muraqqabat a Dubai ina haɗa kayan komawa gida, zan rubuta muku maganar daki-daki yadda ta faru. Ku karanta daga farko, kada wanda ya tsallaka zuwa ƙarshe.

Ina kofur a lokacin, a wani barikin soja da ke gabas, kusa da duwatsun kan iyaka. Ilu farabiti ne a ƙarƙashina. Ɗan ƙanin mahaifina ne, na girme shi da shekara huɗu, ni na kai shi aikin soja, ni na koya masa ɗaure takalmi da goge bindiga. Cikin damina wani jirgin soja mai ɗaukar kaya ya tashi da safe, ya shiga gajimare a kan duwatsun nan, bai fito ba. Aka kwana uku ana nema, sai wani makiyayi ya sauko ya ce ya ji ƙara, ya ga hayaƙi a wani tsauni da ko shanu ba a cika kaiwa ba. Aka zaɓe mu mu goma tare da Kyaftin ɗinmu. Mota ta ajiye mu a ƙauyen ƙarshe, daga nan kwana biyu muka yi muna hawa da ƙafa, ruwa yana dukanmu, muna kama ciyawa da saiwa. Abin da muka tarar a sama ba zan rubuta shi duka ba. Mutum tara ne a jirgin, babu wanda ya yi rai. Kyaftin ya duba yanayin gawarwakin da yanayin hanya, ya ce za a sauka da hafsoshi biyun da suka tuƙa jirgin, sauran bakwai a binne su a nan. Ya bar mini aikin da soja biyu da mutanen ƙauye.

Ilu ya yi amai sau biyu tun isowarmu. Na ga ba zai iya ba, kuma a al'adarmu da ta soja ƙarami ake aika. Na tattara abin da na cire daga jikin mamatan, agogo da carbi da hula da 'yan takardu, na ɗaure na kowa daban da sunansa, na zuba a jaka, na rataya wa Ilu, na ce ya bi Kyaftin. Ku riƙe wannan: ni na tura shi, babu wanda ya sa ni. Ya sauka kafin a sari ƙasa ko sau ɗaya.

Akwai wani babban dutse a wurin mai siffar rumbu, daga gindinsa na fara jeri. A cikin bakwai ɗin ɗaya Kirista ne, Bulus. Mutanen ƙauyen da ke bin addininsa suna son sauka da wuri, shi ya sa muka fara da shi. Suka yi masa addu'a da yarensu, ni kuma na yanko ƙarfe biyu daga fiffiken jirgin, na ɗaure su da wayar ƙarfe, na kafa masa gicciye a ka yadda suka nuna mini. Na bar taku uku, sannan na jera Musulmi shida bisa yadda na tsince su. Biyar wuta ta taɓa su, taimama na yi musu. Ɗaya, Saje Mamman, makanikin jirgin, jirgin ya wurgo shi waje, jikinsa bai ƙone ba. Shi na yi wa wanka sosai da ruwan ƙorama. Muka yi likkafani da farin ƙyallen lemar dirowa da ke cikin jirgin. Babu liman, ni na ja sallar, Fulani uku da soja biyu a bayana. Na duba rana na tabbatar da alƙibla kafin in kwantar da kowa a gefen damansa. A kan kowane kabari na nutsa duwatsu a ƙasa daidai da lambarsa: na biyu guda biyu, na uku guda uku, har na bakwai. Bulus, Garba, Yakubu Dogo, Mamman, Isa, Tanko, Shehu. Tun daga ranar nake ambaton sunayen nan bayan sallar asuba, in nema wa shida gafara, Bulus kuma in ambace shi don jeri ya cika, in bar shi ga Ubangijinsa.

Na sauko bayan kwana shida, ƙafafuna a kumbure. Na tarar an riga an tura Ilu da jakar nan tare da Kyaftin, gida-gida, suna kai kaya da ta'aziyya. Ilu yana da taushin harshe, kuma idan mutane suna kuka shi ma hawaye yake yi. A Kano ya shiga gidan yayan Saje Mamman, wani Alhaji Sule mai sayar da yadi, ya miƙa masa agogon da ni na kwance daga hannun mamacin. Alhaji Sule ya riƙe hannunsa, bai sake shi ba. Bayan shekara biyu Ilu ya ajiye kaki ya koma wurinsa, aka fara turo shi Dubai sayen kaya, daga baya ya buɗe ofishin kago nasa, na aika kaya gida, a unguwar Al Rigga. Ni kuwa na ci gaba da fareti har na yi ritaya a saje. Rahoton da na rubuta na kaburburan na miƙa shi a ofis, ba a taɓa kirana a kansa ba.

Ilu ne ya aiko mini da biza. Ya ba ni riƙon sitonsa a Jebel Ali, inda ake loda kwantena zuwa gida, kuma aikin ya dace da ni: mai nauyi a ƙasa, marar nauyi a sama, shaidar kowane ɗan kasuwa tana kallon ƙofa. Dole in yi masa adalci. Bai taɓa kiran sunana ba, Yaya yake ce mini. Idan na shiga ofishinsa miƙewa yake, ko da wa yake tare. Shi ya kai mahaifiyarku Makka. Amma kowane alheri da ya yi mini, sai in ji kamar daga cikin kayana ya ɗebo ya ba ni. Ranar Juma'a bayan masallaci 'yan kasuwa suna taruwa a ofishinsa a sha shayi, kuma duk baƙon da ya zo daga Kano sai wani ya nuna masa Ilu ya ce wannan shi ne ya hau dutse ya binne sojojinmu da jirgi ya faɗi da su. Ilu sai ya sunkuyar da kai ya ce Allah ya jiƙan su. Bai taɓa cewa shi ne ba, bai taɓa cewa ba shi ba ne. Ni ina bakin ƙofa da kofina, ina jin shayin yana sauka kamar ruwan barkono. An koya mana babba ba ya faɗin aikinsa da bakinsa, ƙarami ne yake faɗa masa. Na zauna jira shekara talatin da wani abu, ban taɓa kiran Ilu gefe na gaya masa abin da nake jira ba.

Shekara uku da suka wuce aka kawo Hajiya Kande, matar Saje Mamman, Dubai don wankin ƙoda. Ɗanta Nura injiniya ne a tashar jiragen ruwa ta nan Dubai, wata biyar bayan faɗuwar jirgin aka haife shi, bai taɓa ganin ubansa ba. Baba Ilu yake ce wa baffanku tun yana yaro. Wata Juma'a Ilu ya ɗauke ni da mahaifiyarku muka je duba ta a gidan Nura. Tana kishingiɗe a kan kujera, ta rame, amma idonta a tsaye yake. Ta daɗe tana sa wa Ilu albarka, shi da 'ya'yansa da jikokinsa. Ni ta ce mini sannu Malam, ta tambayi aiki. Da aka kawo ruwa ta gyara zama.

"Alhaji Ilu, ranar da ka zo gidanmu ina bayan labule ina takaba, ga surukai cike da tsakar gida. Ban iya tambayarka komai ba. Bayan nan ma kunya ta hana ni. Yanzu na tsufa, kunyar ta ƙare. An yi masa wanka?"

"An yi masa, Hajiya."

"An sallace shi?"

"An sallace shi."

"To a ina yake? Nura ya ce yanzu babur yana kaiwa har gindin dutsen. Ina so ya je ya tsaya a kan ubansa, ya ɗauko mini hoto in gani kafin in mutu."

Ilu ya juyo gare ni da murmushi.

"Ai ga Yaya nan, Hajiya, shi ma yana wurin. Yaya, ko za ka tuna mana?"

Da ya ce ni na wanke shi, da ya ce ni na ja sallar, da na buɗe baki na zayyana komai. Amma ya ambace ni kamar wanda ya je kallo. Na ajiye kofin ruwan a hankali.

"Shekaru sun yi yawa," na ce. "Na manta."

Mahaifiyarku ta ɗago ta dube ni, na kau da kai. Fuskar tsohuwar ta sauka, ta fara murza bakin mayafinta. Ilu ba ya iya ganin irin wannan. Ya taɓa jin na ce daga wani dutse mai kamar rumbu muka fara, sauran kuma ya yi lissafin soja, inda komai da muƙami ake jera shi, har layin abinci.

"Akwai wani babban dutse mai kamar rumbu, Hajiya. Saje shi ne babba a cikinsu, da shi aka fara. Kabari na farko daga dutsen."

Ta ɗaga hannu ta yi hamdala, Nura ya rubuta a wayarsa. Ni kuwa, ina gaya muku gaskiya, daɗi na ji. Na san abin da ke kan kabari na farko, ni na kafa shi da hannuna, kuma irin ƙarfen jirgi ba ya tsatsa. Tun kafin mu sauka daga benen na gama tsara yadda abin zai tafi. Nura zai hau. Zai ga gicciye. Zai gane Baba Ilu bai san komai ba. Zai dawo ya tambaye shi a gaban majalisa, Ilu ya rasa amsa, ya juyo bakin ƙofa ya faɗi abin da ya kamata ya faɗa tun da can. Har amsar da zan bayar na shirya, gajeriya, ta mai tawali'u.

Da muka iso gida mahaifiyarku ba ta cire mayafi ba ta tsaya a kaina.

"Malam, yau da asuba ma na ji ka."

"Kin ji ni ina me?"

"Bulus, Garba, Dogo, Mamman. Ni da ban taɓa ganin dutsen ba na haddace su."

"Ba ke aka tambaya ba."

"Ai kai aka tambaya."

"Wanda ya sha albarka shekara talatin, shi ya ba da amsa."

"To ita tsohuwar nan me ta ci naka?"

Na ce ta rufe maganar. Ta ce ba za ta tona mini asiri ba, amma ba za ta taya ni ba. Daga ranar sai ta ajiye mini abinci ta koma ɗaki, ita da muka saba ci a faranti ɗaya tun da kuka watse. Ta kuma shiga zuwa gidan Nura kullum tana taya matarsa jinya.

Mako uku ne tsakanin ranar da tafiyar Nura, kuma a cikinsu sau biyu Allah ya buɗe mini ƙofa na rufe. Na farko, Ilu ya zo sito da rana tsaka, abin da ba ya yi saboda zafi. Ya same ni ina duba lodi, ya ja ni bayan kwantena.

"Yaya, don Allah ka yi ƙoƙari ka tuna. Ni fa ƙiyasi na yi. Na ga za ta yi kuka ne."

"Ka ce na farko. Ai ka fi ni sani, kai ake nunawa."

Ya daɗe yana kallona. Ya cire hula ya share gumi ya mayar.

"Khalas, shi ke nan, Yaya. Allah ya ba mu alheri."

Shi ma a nan yana da nasa laifin, don da ya koma ya ce musu ƙiyasi ne, da ba a kai inda aka kai ba. Amma shi tsoron ɓata mata rai ne ya hana shi, ni kuwa na san abin da ya hana ni. Na biyu, Nura da kansa ya zo neman shawara a kan hanya. Na zaunar da shi na zana masa a bayan kwali: ƙauyen ƙarshe, ƙoramar da ake tsallakawa a inda ta rabu biyu, kwarin da ake kwana, gefen tsaunin da ba a bi in an yi ruwa. Na gaya masa irin takalmin da zai saya da yawan ruwan da zai ɗauka. Ina so ya isa lafiya, don ina so ya gani.

"Baba Saje, ai ka tuna hanya tsaf," ya ce yana dariya.

"Hanya daban, kabari daban," na ce.

Ya yi godiya ya naɗe kwalin. Kamarsa ɗaya da fuskar da na wanke a bakin ƙoramar nan, har gashin gira. Na bar shi ya tafi.

Ya hau. Tsofaffin da suka taya ni aikin duk sun mutu, wanda ya raka shi bai san komai ba sai cewa nan ne kabarin sojoji. Ciyawa ta rufe duwatsun da na nutsa, amma gicciyen yana tsaye, ya yi baƙi kawai. A cikin tsarina mataki na uku shi ne Nura ya yi shakkar Ilu, kuma wannan matakin bai zo ba. Yaron da ya taso yana jin Baba Ilu ne ya binne ubansa ba zai kawo a ransa cewa bai san kabarin ba. Abin da ya fahimta shi ne bayan sojoji sun juya baya, ko ma a gabansu, an binne mahaifinsa a bisa wani addini. Da ya sauko garin da waya ke kamawa ya turo wa matarsa hoton, ya ce kada ta nuna wa Hajiya sai ya dawo. Hajiya kuwa kwana biyar tana ƙirga tafiyarsa. Ta ce a ba ta wayar, kuma suruka ba ta hana uwar miji abu. Ban san da wannan ba sai da mahaifiyarku ta dawo wata la'asar ta zauna a gabana, karo na farko cikin wata guda.

"Kwana biyu ba ta sa komai a bakinta ba. Yau ta ƙi zuwa wankin ƙoda. Ta ce shekara talatin tana kwana da tunanin fuskarsa na kallon alƙibla, ashe ba haka ba ne. Ta ce a mayar da ita gida kawai."

"Ilu fa?"

"Yana can zaune a ƙasa. Babu wanda ya zarge shi, Malam. Haƙuri ma suke ba shi, wai ƙila bayan ya sauko aka yi."

Ta matso kusa da ni.

"Likita ya ce in ta tsallake wanki biyu ba ya da tabbas. Ni na yi maka alkawari ba zan faɗa ba. Kada ka bar ni da wannan alkawarin."

Na miƙe. Na sa takalmi, ta biyo ni. A cikin jirgin ƙasa na metro ina ta neman yadda zan jera maganar ta fito ba tare da ni na fito a cikinta ba, in ce yanzu na tuna, in ce hoton ne ya tuna mini. Kafin mu isa na gane babu wannan hanyar, don tsohuwar ba yarinya ba ce.

Na same ta kwance ta juya wa ƙofa baya. Ilu yana zaune a kan kafet, hularsa a hannu. Na zauna kusa da shi a ƙasa, abin da ban taɓa yi ba, na ce a kira Nura a sa yadda kowa zai ji. Sannan na faɗa, daga farko. Na ce kabarin da ke da gicciye na Bulus ne, ni na kafa masa, kuma haƙƙinsa ne. Na ce a ƙirga taku uku daga nan, sai Garba, sai Yakubu Dogo, sai Mamman, na huɗu, a share ciyawa a wajen kai za a ga duwatsu huɗu a nutse. Na ce ni na wanke shi da ruwan ƙorama, sau uku, na fara da dama. Na ce jikinsa bai ƙone ba, akwai tsohon tabo a gwiwarsa ta hagu. Da na ambaci tabon sai ta juyo.

"Babur ne ya kayar da shi, muna amarci," ta ce.

Ilu ya share fuska ya matso.

"Hajiya, ni ban ga kabarin ba. An turo ni ƙasa da kayansu kafin a haƙa. Duk abin da ake cewa na yi, Yaya ne ya yi. Na bari ana faɗa, kuma ranar nan na yi miki ƙiyasi. Ki yafe mini."

Maganar da na jira ke nan, a gaban shaidu, da bakinsa. Ta shiga kunnena ta wuce kamar ƙarar mota a titi. Hajiya ba ta amsa wa kowa ba. Ta ce da wayar, Nura, za ka iya komawa? Ya ce zai koma gobe da sassafe. Ta ce to a kai ta wankin, za ta jira. Shayi kawai ta yarda ta sha.

Kwana huɗu muka yi muna jira. A kwanakin nan na loda kwantena guda ba daidai ba, sai da aka sauke rabi aka sake, ma'aikata suna kallon juna. Tunanina ɗaya ne: damina talatin da wani abu ta bi ta kan duwatsun nan, ƙasa tana zaizayewa, shanu suna takawa. In babu su, maganata da ta Ilu sun zama ɗaya, ta tsoho biyu da kowanne ya riga ya yi mata ƙarya sau ɗaya. A rana ta biyar hoton ya zo. Nura ya share wurin da adda, ga su nan, huɗu, ɗaya ya ɗan karkace. Ya ɗauko na uku da na biyar ma, don a ga jerin. A hoton ƙarshe yana durƙushe a wajen kai, hannayensa a buɗe.

Ta ci abinci ranar. Washegari ta aiko a kira ni, ni kaɗai. Na tarar da ita zaune, wayar a cinyarta, matar Nura ta ba mu wuri. Na gaishe ta, ta amsa. Ba ta ce in zauna a kujera ba, na tsuguna.

"Malam Saje, ranar da na tambaya, ka sani?"

"Na sani, Hajiya."

"Ka san abin da yaron zai tarar a can?"

"Na sani."

Ta jinjina kai, ta dubi hoton, ta sake dubana.

"Alhaji Ilu ya yi mini ƙarya don in ji sanyi, wannan na gane. Kai don me ka yi mini?"

Na yi aikin soja shekara ashirin da biyar, na tsaya a gaban hafsoshi masu zafi, ban taɓa rasa inda zan sa idona ba sai ranar. Na so in ce shaiɗan ne, na ga ba ta tambayi shaiɗan ba.

"Don ana gode masa, Hajiya. Ni ba a taɓa gode mini ba."

Na ji ƙarar na'urar sanyaya ɗaki, na ji matar Nura tana wanke kwanuka a kicin. Sannan ta gyara mayafinta, ta yi magana a hankali, kalma ɗaya bayan ɗaya, kamar mai auna hatsi.

"Ka wanke shi, na gode. Ka sallace shi, na gode. Ka juya fuskarsa gabas, na gode. Allah ya biya ka."

Na ce amin.

"Shi ke nan ko akwai saura?"

"Babu saura."

"To tashi ka je."

Na tashi. A bakin ƙofa na daɗe ina neman takalmina, alhali yana gabana.